Darasin bita na kuɗi da jarrabawar shiga jami'a: mene ne malamin bita ke sayarwa?

0. Gabatarwa

Wanda duk ya zaga unguwannin Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram da dare, daga watan Maris zuwa jajibirin bak, ya san abin da za mu yi magana a kai: baƙin allo a jikin katanga, ƙwan lantarki guda, ɗalibai uku ko huɗu da alli a hannu. Wasu junansu suke koya wa. Wasu kuwa akwai wani babba tsaye a gabansu, wanda iyaye ke biya a ƙarshen wata. Wannan na biyun shi ne abin dubawarmu a cikin wannan ɗan nazari.

Masana tarbiyya da na tattalin arziki sun riga sun yi rubuce-rubuce da dama a kan lamarin, musamman tun bayan ɗan littafin da Mark Bray ya fitar a 1999 a cibiyar tsara ilimi ta UNESCO da ke Paris, inda ya kamanta irin wannan karatu da inuwa: idan makaranta ta motsa sai ya motsa, idan an canja manhaja sai ya canja. Su tambayarsu ita ce nawa ake kashewa, kuma wa ke iya biya. Tamu tambayar ta masu nazarin harshe ce, kuma ba ta kai tasu faɗi ba: idan uba ya miƙa wa malamin bita kuɗinsa, mene ne ainihin abin da ya saya? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowace jarrabawa irin wannan harshe biyu take nema wurin ɗalibi. Ɗaya ana iya sayen shi cikin wata shida, ɗayan ba a iyawa. Iyaye kuwa sukan biya da tsammanin na biyun, a kawo musu na farko.

1. Abin da muke nufi da kalmomin

A tsarin da muka gada, babu wata jarrabawa ta musamman ta shiga mafi yawan tsangayoyin jami'a. Bak ce ke yin aikin, kuma tun asali haka aka gina ta: dokar Napolewon ta 17 ga watan Maris 1808 ta kafa ta a matsayin matakin farko na digirorin jami'a, ba takardar ƙare lise kawai ba. Wato ke nan ƙofar fita ce, ƙofar shiga ce. Saboda haka idan muka ce jarrabawar shiga jami'a, a Nijar muna nufin bak, sa'an nan gasannin shiga manyan makarantu irin su EMIG.

Wanda ake biya don ya shirya ɗalibi, da Faransanci « répétiteur » ake ce masa, mu kuwa za mu kira shi malamin bita. Kalmar Faransancin tana ɗauke da wani zato a cikinta: mai maimaitawa ne, ma'ana an riga an yi darasin a aji, shi nasa kawai ya sake bi. Za mu gani a gaba cewa wannan zato ba kullum yake daidai ba a wurinmu.

2. Inda aka auna: jarrabawar SAT ta Amurka

Za mu fara da Amurka, ba don tsarinta ya yi kama da namu ba, sai don can ne aka daɗe ana gardama a kan amfanin bita, har aka kai ga aunawa da alƙaluma.

An fara jarrabawar SAT ranar 23 ga watan Yuni 1926, da ƴan takara kimanin 8 000. Wanda ya tsara ta, Carl Brigham, malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne a jami'ar Princeton, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin gwajin basirar sojojin Amurka a lokacin yaƙin duniya na farko. Tarihinsa ya cancanci mu ɗan tsaya. A littafin da ya fitar a 1923 ya lura cewa baƙin da suka daɗe da zama a Amurka sun fi sababbin zuwa samun maki. Duk ɗalibinmu na shekarar farko zai ce: ai sun fi su jin Ingilishi ne. Brigham bai faɗi haka ba. Cewa ya yi waɗanda suka zo daga baya, mutanen kudanci da gabashin Turai, basirarsu ce ba ta kai ba. Sai a 1930 ya janye maganarsa, ya amsa cewa ba a gwada mutane da harshen da ba su sami dama ɗaya ta koyon shi ba. Amma kafin nan jarrabawar ta riga ta kafu, da sunan tana auna baiwa, wato abin da aka haifi mutum da shi, wanda ba a koyarwa. Shekaru da yawa masu shirya ta suna gaya wa iyaye cewa biyan kuɗin bita asara ce.

Wanda ya ƙaryata su ba masani ba ne, malamin bita ne. Stanley Kaplan, ɗan baƙi Yahudawa na unguwar Brooklyn, wanda makarantun likita biyar suka ƙi ɗauka duk da kyawun sakamakonsa, ya buɗe sana'arsa a 1938 a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa, ya kuma fara shirya ɗalibai wa SAT a 1946. Abin da yake koyarwa ba ɓoyayye ba ne: jerin kalmomin da ke yawan fitowa, saiwoyin Girkanci da Latinanci da ake gane baƙuwar kalma da su, raba lokaci, da yadda ake zubar da amsoshin da ba su yiwuwa kafin a yi canke, tun da a lokacin ana rage maki ga wanda ya ba da amsar kuskure. Bayan kowace jarrabawa yakan tambayi ɗalibansa abin da suka tuna na tambayoyin. A 1979 hukumar tarayya mai sa ido kan harkokin ciniki, wadda ta shiga binciken da zargin ko tallarsa ƙarya ce, ta fitar da rahoto cewa bitarsa na iya ƙara wa ɗalibi maki kamar 25 a kowane ɓangare, a ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 800. A wannan shekarar kuma jihar New York ta yi dokar da ta tilasta a riƙa bayyana tambayoyin bayan an yi jarrabawa. Kasuwa ta buɗe: a 1981 aka kafa Princeton Review, a 1984 Kaplan ya sayar da kamfaninsa ga jaridar Washington Post a kan dalar Amurka miliyan 45.

Masu jarrabawar sun yi ta ja da baya, kuma abin lura shi ne ta fuskar harshe suka fi ja. A farkon shekarun 1990 aka cire kalmar baiwa daga sunan, daga 1997 kuma haruffan uku ba su tsaya a madadin komai ba. A 1994 aka daina tambayar kishiyar kalma. A 2005 aka zubar da tambayoyin kamance, masu siffar « kaza ga kaza kamar kaza ne ga kaza ». Ɗaya daga cikin tsofaffin tambayoyin nan ta yi suna ƙwarai: amsarta tana bukatar sanin sunan gasar tseren kwalekwale ta masu hali, abin da Faransanci ke kira « régate ». Yaron da bai taɓa jin kalmar ba ya fāɗi, alhali ba hankalinsa aka gwada ba, unguwarsu aka tambaye shi. A 2016 aka sake gyara, aka rage kalmomin da ba a cika amfani da su ba, aka kuma daina rage maki a kan kuskure.

3. Abin da alƙaluman suka nuna

Kamfanonin bita sun daɗe suna tallar ƙarin maki 100 ko fiye. Dabarar lissafin nasu mai sauƙi ce: su ɗauki makin ɗalibi na farko, su ɗauki na biyu bayan bita, su ce bambancin duka aikinsu ne. To amma wanda ya sake zama jarrabawa yakan ƙaru ko bai biya kowa ba, don ya girma da wata shida ko shekara, ya kuma saba da takardar. Awon gaskiya shi ne a gwada wanda ya yi bita da takwaransa wanda bai yi ba. Da Donald Powers da Donald Rock suka yi haka a 1999, sai suka sami ƙarin maki kamar 18 a lissafi, kamar 8 a ɓangaren harshe. Ana iya cewa ai ma'aikatan hukumar da ke shirya jarrabawar ne, suna da dalilin rage abin. Sai dai Derek Briggs na jami'ar Kolorado, wanda ba nasu ba ne, da ya tattara binciken da aka yi a 2009 kusan nan ya tsaya: 10 zuwa 20 a lissafi, 5 zuwa 10 a karatu, jimla kamar 30.

Abu biyu muka ɗauka daga nan. Na farko, bita tana da amfani, amma ɗan kaɗan. Idan muka juya maki 30 ɗin nan zuwa ma'auninmu na 20, a ƙiyasce, bai wuce rabin maki ba. Kada dai a rena shi: duk wanda ya taɓa zama a kwamitin yanke sakamakon bak ya san yawan waɗanda rabin maki ya raba da jami'a. Na biyun shi ne ya fi damun mu, kuma ba a cika tsayawa a kansa ba: a binciken biyu, abin da aka samu a lissafi ya ninka wanda aka samu a harshe. Kuɗi ɗaya, malami ɗaya, lokaci ɗaya, amma harshe ya ƙi motsawa.

Ga kuma wani abin da maki 30 ba su iya bayyanawa. Binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna ƴaƴan kashi 1 cikin 100 na mafi arzikin Amurkawa sun fi ƴaƴan talakawa yiwuwar samun maki 1 300 ko fiye har sau 13. Ashe ratar ba a watannin ƙarshe aka haƙa ta ba.

4. Harshen takardar jarrabawa

Mu dawo gida. Abin da muka kira harshe na farko shi ne na umurnin da ke kan takarda, da na siffar amsar da mai gyara ke jira. Ƙaramin harshe ne, kalmominsa ƙidayayyu, amma kusan kowace tana da ma'anar da ta saɓa wa wadda ɗalibi ya sani a titi. Misalan da ke biye daga takardun da muka saba gyarawa muka tsamo su.

« Discutez ». A Faransancin kasuwa da na tasha, wanda ya yi « discuter » gardama ya yi, ko ciniki. Ɗalibi ya ga an ce masa ya yi haka da maganar wani marubuci, sai ya ɗaura ɗamarar ƙaryata ta daga farko har ƙarshe. Mai gyara kuwa so yake a fara nuna inda maganar ta yi gaskiya, sa'an nan inda ta gaza, sa'an nan a auna. « Appréciez » kuma akasin haka take jawowa: ɗalibi ya san ta da ma'anar so da yabo, sai ya cika shafi huɗu da yabon marubucin, alhali cewa aka yi ya kimanta. « Dans quelle mesure » ba ta da alaƙa da mudu ko tiya, tambaya ce ta iyaka: har ina maganar take da gaskiya? « Commentez », « expliquez », « analysez », « justifiez », ɗalibai da yawa abu guda suke ɗaukar su, wato « faɗi abin da ka sani a kan wannan ».

Lissafi ma da nasa. « Soit » a farkon tambaya ba zaɓi take nufi ba, cewa take « mu ƙaddara akwai ». « En déduire » umurni ne cewa a yi amfani da sakamakon da aka samu yanzu, kada a sake sabon hanya. Wanda bai san haka ba zai ɓata minti ashirin yana neman abin da aka riga aka miƙa masa. « Montrer que » ta riga ta ba da amsa, hanyar ake nema. Waɗannan duka ba su kai ɗari ba, kuma kowace ma'anarta ɗaya ce tak, ba ta canjawa daga shekara zuwa shekara. A ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa bita ta fi kamawa a lissafi: harshensa rufaffe ne, ana iya ƙare shi. Ƙwararren malamin bita, da tsofaffin takardun jarrabawa na shekara goma a hannunsa, zai iya koyar da shi cikin ƴan watanni, kuma wanda ya biya don wannan bai yi asara ba.

Abin tambaya shi ne me ya sa sai an biya. Babu wani sirri a cikin ma'anar « discutez ». Amma malamin aji yakan ɗauka an sani, ɗalibi kuma ba ya tambaya don bai san bai sani ba. Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron da Monique de Saint Martin sun gwada ɗaliban jami'o'in Faransa a kan kalmomin da malamansu ke amfani da su kullum a lacca, suka buga sakamakon a 1965: ɗaliban, waɗanda Faransanci ne harshen uwarsu, suna kuskuren ma'anar da yawa daga ciki, malamai da ɗalibai kuma kowa ya yi kamar an fahimci juna. Idan haka ta faru a can, ina ga ɗan Mirriya ko na Madawa.

5. Harshen da ba a saye

Harshe na biyu shi ne wanda ake karanta dogon rubutu da shi a gane inda marubucin ya dosa, ake kuma gina hujja da shi. Jim Cummins ya raba shi da harshen hira tun 1979. Da ya duba bayanan ƴaƴan baƙi a makarantun Toronto, ya ga yaro kan iya hira da Ingilishi cikin shekara biyu, amma kafin ya kamo tsaransa a harshen karatu sai ya yi shekara 5 zuwa 7. A tuna kuma yaran nan cikin Ingilishi suke kwana suke tashi. Namu yaron, idan ba a wasu gidaje na birni ba, daga ƙofar lakkwal Faransancinsa ke farawa, a nan kuma yake ƙarewa.

Me ke cikin wannan harshe? Da farko akwai kalmomi masu hawa biyu. Yaro ya san « eau », amma takarda « aquatique » za ta ce. Ya san « œil » da « semaine », za a kawo masa « oculaire » da « hebdomadaire », waɗanda ba su yi kama da na farkon ba ko kaɗan, don daga Latinanci da Girkanci aka ɗauko su kai tsaye. Hausa ma tana da irin wannan hawa na sama, na Larabci: hujja, dalili, sharaɗi, hukunci, ma'ana, illa. Bambancin shi ne waɗannan yaro ya sha su a makarantar allo, a wa'azi, a bakin manya, ba wanda ya zaunar da shi ya haddace. Sa'an nan akwai ginin jimla: aikatau da aka mayar suna aka jera su, kamar « la remise en cause de la légitimité de », da korewa mai tabbatarwa, kamar « il n'en demeure pas moins que », wadda ɗalibi kan karanta a matsayin musu alhali amincewa ce. A ƙarshe akwai ƙananan kalmomin da ke riƙe da hujja, « or », « certes », « néanmoins », « dès lors », waɗanda idan an ɓata ɗaya an juya maganar gaba ɗaya.

Wani zai ce ai shekara 13 ɗalibi ya yi yana karatu da Faransanci kafin bak, shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise. Haka ne a lissafin kalanda. Amma awon PASEC na 2014 ya sami ƙasa da yaro 1 cikin 10 na ajin ƙarshen firamare a Nijar da ya kai matakin da ake bukata a karatu; a na 2019 an sami kimanin 3 cikin 10. Yaran 2014 su ne suka iso tarminal wajen 2021. Gaskiya ne waɗanda suka iso zaɓaɓɓu ne, an tace su a BEPC, amma da yawansu da haddar taƙaitaccen darasin da aka kwafa daga allo suka haye, ba da karatun littafi ba.

To me malamin bita zai yi da irin wannan ɗalibi a watan Janairu, jarrabawa saura wata biyar ko shida? Ba zai iya ba shi shekara bakwai na karatu ba. Abin da yake iyawa shi ne ya ba shi kwanson harshen. Daga nan ne gabatarwar nan da kowane mai gyara ya gaji da gani take fitowa, mai farawa da « depuis la nuit des temps », ko batun wayar salula ne. Daga nan ne ake samun takarda mai « d'abord », « ensuite », « cependant », « en définitive », kowace a mazauninta, amma abin da ya biyo bayan « cependant » bai saɓa wa abin da ya gabace ta ba. Daga nan ne kuma maganganun masana da aka haddace ake liƙa su ko sun dace ko ba su dace ba. Faransawa suna da suna ga wannan tun da daɗewa, « bachotage ». Ba mu ce ba ya aiki ba: yakan ɗaga takarda daga 6 zuwa 8, wani lokaci ya kai ɗalibi zagaye na biyu. Amma mu da ke karɓar su a shekarar farko mun san abin da ke faruwa ranar da aka ba su shafi goma aka ce su taƙaita.

Ba laifin malamin bita muke gani ba. Da yawanmu mun yi sana'ar muna ɗalibai, lokacin da bursi ke makara, kuma abin nan muka koyar, don shi ne abin da lokacin ke ɗauka.

6. Inda misalin Amurka bai kai ba

Wajibi ne mu yi hattara, kada mu kwashi alƙaluman can mu ɗora a nan. SAT tambayoyi ne na zaɓen amsa, bak kuwa rubutu ce da warware matsala. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ɗalibin da aka auna a can ya riga ya sami darasinsa a aji. A nan, kamar yadda muka faɗa a sashe na 1, sau da yawa babu abin da za a maimaita. Tun shekarun 1990, da yaje-yajen aiki da albashin da ke makara da shekarun karatun da aka soke, ba sabon abu ba ne a shiga jarrabawa manhaja ba ta ƙare ba. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, masu ƙaramin albashi. A irin wannan hali malamin bita ba bita yake yi ba, babin da ba a taɓa yi ba yake koyarwa, musamman a jerin C da D. Muna zaton amfaninsa a nan ya fi rabin maki nesa, kuma wannan ya sa rashin adalcin ya fi tsanani, tun da abin da ya kamata kowa ya samu kyauta ne ake sayarwa.

Mafi muni shi ne inda malamin aji da malamin bita mutum ɗaya ne, ɗaliban ma su ne. Ko da mutumin kirki ne, an sa shi a inda ƙarancin abin da ya bayar da safe ke ƙara masa kasuwa da yamma. Wannan kam ya kamata a hana. Hana sana'ar dungum kuwa an gwada: Koriya ta Kudu ta haramta ta a 1980, ta koma ɓoye, farashinta ya hau, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000.

7. Abin da ya shafi sashenmu

Idan bayaninmu ya yi daidai, harshe na farko bai kamata ya zama haja ba. Abin da ake iya rubutawa a shafi goma sha biyar a raba wa kowane ɗan tarminal, babu dalilin da zai sa sai mai jika goma a wata zai same shi. Wannan aiki ne da ya dace da mu: ɗan ƙamus na kalmomin umurni, kowace da bayaninta da Hausa, da misalin amsar da ta bi umurnin da wadda ta kauce. Takardar Sake Gina Ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma ɗaliban jerin A4 da C da D da Faransanci suka rubuta bak ta wannan shekarar, kuma waɗanda ke lise yanzu da shi aka rene su tun daga ajin farko.

Dalilin da ya sa muka ce da Hausa, ba don kishin harshe ba ne. Ɗalibin da ya kasa sarrafa « certes... mais » ya iya « lalle kam... sai dai », yana yin ta kullum a fada ba tare da kuskure ba. Ya san bambancin « amma » da « alhali kuwa » da « duk da haka » da « ashe ». Wato dabarar amincewa da abokin gardama kafin a kayar da shi ba baƙuwa ba ce gare shi. Abin da bai sani ba shi ne ita ce ake nema idan an ce « discutez ». Wannan shi ne tunanin da aka gina makarantun gwaji a kansa tun wadda aka buɗe a Damagaram a 1973, cewa abin da yaro ya mallaka a harshensa ana iya ƙetarar da shi zuwa wani, sai dai ba a taɓa kai shi har lise ba.

Aikin ba zai zo da sauƙi ba ko'ina. « Justifiez » ba ta da wuya: kawo hujja. « En déduire » ma haka: ciro daga abin da ka samu. « Or » ta fi su gardama, don wani lokaci « alhali kuwa » ce, wani lokaci « to ga shi », idan tana shigo da jimla ta biyu ta ƙiyasi ba tare da wani saɓani ba. Dole a ba da duka biyun, kowace da misalinta. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce « problématique ». « Matsala » ba ta yi ba, don ɗalibi zai ɗauka wata ɓarna ake nema ya gano, kuma kuskuren da yake yi ke nan da Faransancin ma. « Tambaya » ta yi kaɗan, tun da batun da aka ba shi shi ma tambaya ne. Mun fi karkata ga « inda gizo ke saƙa », ko da yake wasu abokan aiki na ganin karin magana bai dace da ƙamus ba, sun fi son « ƙullin batu ». Muna ba da shawarar a gwada duka biyun a kan ɗaliban shekarar farko, rukuni biyu, batu ɗaya, a ga wanne ya fi sa su rubuta gabatarwar da ta nuna abubuwa biyun da ke karo da juna a cikin batun.